Yadda Na Zama Wakilin Lahira

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na tsaya a gaban dattawa, na gyara murya, na karanta musu jarida da ƙarfi. Yau furfura ta cinye kaina, haƙora ma rabinsu sun yi sallama da ni, amma in abin ya faɗo mini a rai, ko a sahun salla nake, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaran yanzu in na ce musu an taɓa yin jaridar kullum a Tudun Wada, dariya suke yi, su ce tsufa ya fara taɓa Baba. To an yi. Sunanta Kunnen Gari, mai ita kuwa Malam Dauda, wani tsohon akawun En'e da ya yi ritaya ya ƙi zama. Ya je Kano ya sayo tsohuwar tafireta a gwanjo, da wani injin buga takarda da ake murzawa da hannu, ya kama ɗaki a bayan kasuwa. Jaridar duka-duka falle ɗaya ce, gaba da baya, tana fitowa kullum in ban da Juma'a. Direbobin lori ne ke ɗaukar mana ita da sassafe, su ajiye a Kiru da Bebeji da Doguwa.

Kada ku raina ta. A cikinta ake jin yadda dawa ta kwana a kasuwa, da saniyar wa ta ɓata, da wanda alƙali ya ɗaure. Rijiya ta rufta a Burumburum, mun buga. Birai sun fito daga dajin Falgore sun yi wa masarar mutane ɓarna, mun buga. Da aka koma tuƙi a hannun dama mu muka yi ta yi wa jama'a bayani (har wani ya tako ofishinmu yana tambaya ko dokar ta shafi jakuna). Da aka canja kuɗi, da shekarar da aka yi fari hatsi ya yi wuya, duk a wannan fallen mutanenmu suka fara jin gaskiyar abin da ake ciki. Masu karatun boko ba su da yawa a lokacin, saboda haka mutum ɗaya ke karantawa, taro ya saurara. In an gama, takardar ta wuce hannun mai ƙosai. Malam Dauda ba ya jin haushi, cewa yake, "Ba komai, in dai an karanta kafin mai ya taɓa ta."

Ni ne wakilinta, ni kaɗai. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, amma yadda nake ji da kaina sai ka ce daga Ingila na dawo. Ina da keke, da baƙin tabarau, da biro jere a aljihun gaba (yawancinsu ba sa rubutu, ado ne). Ana kirana Ɗan Jarida, ni kuwa ina amsawa da ɗaga gira. Malam Dauda yana da doka guda da yake maimaita mini har na gaji da ji: "Abin da idonka bai gani ba, kunnenka bai ji ba, kada hannunka ya rubuta." Nakan ce, "To, ranka ya daɗe," alhali hankalina yana kan madubin keke.

A farkon shekarun saba'in ɗin nan ne ake aikin madatsar ruwa ta Tiga. Aka sanar da ƙauyukan da ruwa zai ci cewa su tashi, an yanka musu wuri a tudu. Duk wanda bai ga wannan tashi ba, ba zai gane nauyinsa ba. Mutum da hannunsa yake kwance rufin ɗakin da aka haife shi, ya zare azara, ya cire ƙyaure, ya ɗora wa jaki. Amma ba a ɗora wa jaki tsamiya, ba a ɗora masa rijiya, ba a ɗora masa maƙabarta. Mata na tafe da tukwane a ka suna waiwaye. A watannin nan ba maganar da ke bakin kowa sai ta tashi. In ka tambayi wani, sai a ce maka ya tafi, ya ƙaura, ya riga mu, mu ma muna tafe.

A wani ƙauye daga cikinsu (ba zan kama suna ba, ko na kama ma yanzu kifi ne ke zaune a can) akwai wani dattijo, Malam Ilu. Malamin allo ne, manomi, kuma kowa ya san shi da abu ɗaya: in ya faɗi magana, ta zauna. Shi ya ce ba zai tashi ba. Bai yi faɗa da kowa ba, bai hana kowa ba, har 'ya'yansa shi ya ce su je su kama wuri su yi gini. Ranar da na fara zuwa wurinsa, daga kan keke na ƙwala masa tambaya. Ya dube ni ya yi murmushi.

"Ɗan boko, sauko daga dokin ƙarfen nan mu gaisa tukuna. Labari ba ya gudu."

Na sauko ina ƙunƙuni a ciki. Ya tambayi gida, ya tambayi mahaifana, ya tambayi gajiya, ya sa aka kawo mini fura. Sai da na shanye sannan ya nuna mini wata kuka a gabas da gari.

"Uwata da ubana suna ƙarƙashin waccan. Na ce musu ina nan tare da su. Rubuta yadda na faɗa, kada ka ƙara mini gishiri: ƙafata ba za ta bar garin nan ba."

Muka buga. Abin ya kama bakin mutane fiye da yadda muka zata. Daga nan Malam Dauda ya riƙa sa layi ɗaya a ƙasan shafi kullum: MALAM ILU BAI TASHI BA. Har ya zama in an ɗauko jarida a tasha, kafin a ji kuɗin dawa sai wani ya ce, "Duba mana ƙasa tukuna, tsohon yana nan?" In aka karanta layin sai ka ji an yi ajiyar zuciya. Waɗanda suka riga suka tashi ma daɗi suke ji, kamar ya tsaya ne a madadinsu. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ba abin da nake jira sai ranar da zai sauko, don in zama na farkon kawo labari.

Ran nan da hantsi na shiga ƙauyen. Gari ya zama kufai, bango ba rufi, ba kukan kaza. Na tarar da zauren Malam Ilu a buɗe, ba tabarma, ba alluna, toka ta huce a inda ake hura wutar karatu. Murna ta kama ni. Can gefe ga maƙwabcinsa, Baba Audu, yana ɗaure wa jaki kaya, idanunsa jajur. Na ɗauka hayaƙi ne ko rashin barci. Ban sauka ba, ban yi sallama ba, ƙafa ɗaya kawai na sauke ƙasa.

"Baba, ina Malam Ilu?"

Ya ɗago ya kalle ni. Sannan ya ce, "Malam ya riga mu."

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar."

"Da ƙafarsa ya tafi, ko ɗaukarsa aka yi?"

"Yaro, wa ke zuwa can da ƙafarsa? Ɗaukarsa aka yi."

"Bai yi gardama ba?"

"In kira ya zo, wa ke gardama?"

"Mutane sun raka shi?"

"Duk wanda ya rage a garin nan ya raka shi. Har daga tudu an zo."

Na buga sitiyarin keke na ce, "Madalla! Ai gara haka, ya huta, kowa ma ya huta." Baba Audu ya buɗe baki zai yi magana, amma ni tuni na juya, ina taka feda kamar kura ta biyo ni.

Na san kun gane. Jaririn goye ma da ya ji wannan hira zai gane. Bahaushe tun kaka da kakanni in ya ce wane ya riga mu, ya san gidan da yake nufi, gidan gaskiya. Ni ma na sani. Amma kunnena ya cika da maganar ƙaura, zuciyata kuma ta riga ta rubuta labarin da take so tun kafin in tambaya. Da na sauko na ce, "Baba, ina kwana, yaya gida?" da amsar farko da zan ji ita ce, "Sai haƙuri," da magana ta ƙare a nan.

Na isa ofis ina haki. Malam Dauda ya sauke tabaransa ya saurare ni, sannan ya yi tambayar da na san zai yi.

"Ka gan shi da idonka?"

A nan ne kuskure ya ƙare, ƙarya ta fara. Sabon matsugunin yana da nisa, rana ta yi zafi, kuma ina tsoron kada wani direba ya riga ni baza labari. Na ce, "Na gan shi, ranka ya daɗe."

"Me ya ce?"

Na buɗe baki, sai ga magana tana zuba kamar an kunce bakin buhu. Shi kuma yana bugawa a tafireta. Har yanzu ina iya kawo ta da ka, don ba ta taɓa barina ba. Kanun ya ce: MALAM ILU YA SAUKO, YA ƘAURA. A ƙasa kuma: "Wakilinmu ya same shi a sabon masaukinsa cikin ƙoshin lafiya. Malam ya ce, 'Wurin nan ya fi inda na baro daɗi nesa ba kusa ba. Da na san haka yake da tuni na zo. Ina kira ga sauran jama'a kada su ji tsoro, su biyo ni, wuri yana nan ya ishi kowa.'"

Malam Dauda ya ce, "Abin mamaki. Ban zaci bakin Malam Ilu zai iya wannan magana ba." Na ce, "Ai duniya ce, ranka ya daɗe." Ya cire layin nan na ƙasan shafi da hannunsa.

Washegari jarida ta bi lori tun da sassafe. Ni kuwa na yi wanka, na sa rigata ta salla, na ce bari in je tudun da kaina in karanta musu, in ga Malam, in ya so in ɗan gyara abin da ke buƙatar gyara a tsakaninmu. Dabarata ke nan, wai in yi hirar bayan an buga ta.

Bayan azahar na isa. A ƙofar gidan babban ɗansa, Sani, na tarar da taro, an shimfiɗa tabarmi, dattawa da malamai zaune, ana fito da gumba da waina ana rabawa. Kowane mai hankali ya san abin da gumba ke nufi a taro irin wannan, sadakar uku ce. Ni na ce a raina, lallai Malam ya sauko da ƙarfinsa, har da walima. Na jingine keke, na yi wata sallama ta sama-sama, ban tsaya jin amsa ba. Na leƙa ban ga Malam ba, na ce yana ciki. Na zaro jarida na ɗaga.

"Jama'a, albishirinku! Yau garinku ne a shafin farko."

Ba wanda ya ce goro. Na ɗauka girmamawa ce. Na karanta kanu, na karanta ƙoshin lafiya. Da na zo kan maganar Malam har murya na canja, na yi ta irin ta tsofaffi, don abin ya yi armashi. "Da na san haka yake da tuni na zo." Wani tsoho ya ce, "Inna lillahi." Ban tsaya ba. "Kada su ji tsoro, su biyo ni, wuri yana nan ya ishi kowa."

Na sauke takarda ina jiran tafi. Tafi bai zo ba. Sai na hangi Baba Audu a ƙarshen tabarma, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Liman ya dube ni ya ce a hankali, "Ɗan nan, a ina ka gan shi?"

Kafin in haɗa wata ƙaryar, sai muka ji guɗa daga bakin hanya. Wata mata ce tafe da sauri, mayafi na jan ƙasa, tana dariya tana kuka lokaci ɗaya, da jaridarmu a hannunta. Hajara ce, 'yar Malam da ke aure a Kiru. Ashe an aika mata da rasuwar, ta kwana kuka, ta fito da safe za ta zo gaisuwa. A tasha ta ji ana karanta Kunnen Gari, an ce mahaifinta na nan lafiya har ya yi magana. Ta ce ɗan aike ne ya yi kuskure, ai takarda ba ta ƙarya. Daga kuɗin motarta ta cire ta sayi jaridar, ta rungume ta tun daga can.

"Yaya Sani, ina Baba? Sun ce yana nan! Ga shi an rubuta, ina yake?"

Sani ya tashi ya riƙe ta. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ga lokacin da ta sulale ƙasa. Mata suka fito suka shigar da ita. Kukan da ta yi daga cikin gidan nan, na biyu ne a kan mutuwa ɗaya, kuma ni na jawo mata shi.

Wasu samari suka taso mini, Sani ya ɗaga musu hannu. Wallahi da sun doke ni da na fi samun sauƙi. Ya zo ya tsaya a gabana, ya zare mini tabarau daga fuska, ya sa mini a aljihu kusa da birona.

"Ɗan Jarida, kalle ni. Shekaranjiya muka binne shi a gindin kuka, kusa da iyayensa. Mahaifina bai bar mana shanu ba, bai bar mana gona ba, ruwa zai ci. Abu ɗaya ya bari, ana cewa in ya faɗi magana ba ya sakewa. Hukuma ba ta tashe shi ba, ruwa bai tashe shi ba. Kai ka tashe shi da biro."

Na durƙusa na ce, "Yaya haƙuri?" Gaisuwar da ya kamata in fara da ita tun jiya, sai yanzu ta zo. Ya ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ka ci gumba, sadaka ce." Aka miƙo mini, na karɓa. Na ci.

Da na koma na faɗa wa Malam Dauda komai, bai yi mini tsawa ba. Ya dubi injin nan nasa, sannan ya ce, "Na tambaye ka, ka ce ka gan shi." Shi ke nan abin da ya faɗa. Jaridar washegari ba dawa, ba saniya, ba alƙali. Layi ɗaya ne a tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe: MALAM ILU BAI TASHI BA. A bayan shafin ya bayyana rasuwar, ya ce maganar da aka buga jiya ƙarya ce wakilinmu ya ƙaga, ya sa sunana da na mahaifina. Sannan ya ɗora mini damin jaridar a keke ya ce duk kasuwar da ƙaryar ta shiga, in je in karanta gyaran da bakina.

Na je. Na karanta a Tudun Wada, na karanta a Kiru da Bebeji, na bi hanyar daji har Doguwa. A tashar Bebeji ne wani kwandasta ya ƙwala, "Ku matsa, ga Wakilin Lahira nan! Malam, yaya ka baro su? Kakata ba ta ba ka saƙo ba?" Tasha ta kwashe da dariya. Sunan ya bi ni har yau, jikokina ma sun ji shi a bakin mutane, suna zaton wani muƙami ne.

Jaridar ba ta ƙara daɗewa ba. Takarda ta yi tsada, injin ya riƙa tsayawa, waɗannan duk gaskiya ne, kuma su ne abin da Malam Dauda yake faɗa in an tambaye shi, har ya bar duniya bai taɓa ɗora mini a gaban mutane ba. Amma ni na san ranar da ta fara mutuwa. Da, in ana musu sai a ce, "Kunnen Gari ta buga," musu ya ƙare. Bayan abin nan, in mutum ya shara ƙarya sai a ce, "Wannan sai Kunnen Gari." Wata rana muka wayi gari masu ƙosai ne kaɗai ke tambayar ta. Ni na koma noman rani a bakin ruwan da ya ci garin Malam, ban sake riƙe biro da sunan aiki ba.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne shekaru da yawa bayan haka. Ina sayen kifi a Bagauda, hira ta kai mu kan tashin ƙauyuka, sai mai kifin, wanda bai san ni ba, ya ce, "Ai ba wanda ke ja da hukuma. Ko wani tsoho da ya yi ta rantsuwa ba zai tashi ba, daga baya ya sauko, har ya ce sabon wuri ya fi daɗi. Jarida ma ta buga." Na ajiye kifin na ce masa ba haka aka yi ba, tsohon yana nan inda ya ce zai zauna, ruwa ne a kansa. Ya ce, "Kai a ina ka sani?" Na ce ni na rubuta ƙaryar. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya, ya ce, "Kai Baba, ka cika ban dariya." Gyaran da na yi yawo da shi kasuwa-kasuwa a keke bai iso kunnensa ba, ƙaryar da ta hau lori ita ta iso.

Shi ya sa yanzu mutanen unguwa ke cewa gaisuwata ta cika tsawo. In na tare mutum sai na tambayi gida, da yara, da gajiya, da maƙwabta, har ya fara duban hanya. Ba na sakinsa sai na tabbatar kowa nasa yana numfashi. Kuma in aka ce mini wane ya riga mu, ko tasha ake nufi, sai na cire hula na tambaya a hankali: "Zuwa ina?"